Bututun iska mai sanyi: riba ce ga mai mota ko asara?

Ƴan uwa ƴan kasuwa maza da mata, a yau shafin namu zai leƙa ƙarƙashin murfin injin mota. Da yawa daga cikinmu ba direbobi ba ne, ba kuma kanikawa ba, amma jarinmu bisa taya yake tafiya. Mai albasa daga Galmi, mai wake da gyaɗa daga Tasawa, mai atamfa da ke saro kaya a Yamai, da Hajiyar da ta tara kuɗin adashi ta sayi taksi ko Hiyas ta ba direba, dukanmu idan inji ya tsaya to kasuwa ta tsaya. Saboda haka bai kamata a bar wa direba da yaron mota su kaɗai shawarar abin da za a cire ko a ɗaura wa inji ba.

Abin da ya kawo wannan magana shi ne wani kaya da samari ke gani a bidiyon wayar salula, suna kwaɗaita wa masu motoci. Bututu ne mai ƙyalli, na alminiyam ko na roba, da filta ja ko shuɗiya mai siffar mazurari a bakinsa. Ana cire akwatin filtar iska da kamfani ya sa wa mota, a ɗaura shi a madadinsa. Wasu motocin da aka shigo da su ta tashoshin ruwa na Kwatano da Lome ma sukan zo da shi a ɗaure, tun daga hannun mai su na farko a Amurka ko Turai. Alkawari uku ake yi wa mai saye: mota za ta ƙara ƙarfi, za ta rage shan mai, kuma filtar ba ta mutuwa, wankewa kawai ake yi a mayar. Bari mu auna alkawuran nan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake auna hatsi da tiya a gaban mai saye.

Yadda inji ke numfashi

Kowace mace mai girki ta san cewa itace kaɗai ba ya dafa tuwo, sai an hura wuta. Haka inji yake. Domin ya ƙona kilo 1 na man fetur ƙurmus, yana bukatar kilo 14 da ɗigo 7 na iska. Idan aka mayar da lissafin zuwa lita, kowace lita 1 ta fetur tana tafiya da iska wajen lita dubu 9, wato cikin ganga 45 irin mai cin lita 200. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100, idan ta tashi daga Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar kilomita 660 ko kusa da haka, za ta shaƙi iska kusan lita dubu 600. Duk wannan iska ta cikin filta ɗaya take bi.

To me ya kawo maganar sanyi? Iska idan ta yi zafi buɗewa take yi, ta yi sakayau, idan kuma ta yi sanyi sai ta matse ta yi nauyi. Silinda kuwa kamar mudu take, girmanta ba ya canzawa. Idan aka cika ta da iska mai sanyi, sinadarin da ke cin wuta ya fi yawa a ciki, sai inji ya iya ƙona mai da ɗan yawa, ya ba da ƙarfi da ɗan yawa. Masana sun san gwargwadon abin: duk saukar zafi da digiri 10 tana ƙara nauyin iska da kamar kashi 3 cikin 100. Ke nan injin da ke da ƙarfin doki 100 zai iya samun ƙarin doki 3. Wannan gaskiya ce, kuma a kanta aka gina cinikin.

Sai dai akwai abin da mai talla ba ya faɗi. Injiniyoyin da suka ƙera motar su ma sun san wannan lissafi. A yawancin motoci akwatin filta na asali yana da ɗan hanci da ke jawo iska daga gaba, kusa da fitila ko ta gefen taya, nesa da zafin inji. Wato motar tun daga kamfani tana shan iskar waje. Ga shi kuma bututu ba firiji ba ne, ba ya sanyaya komai. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa da Ƙonni, iskar da ta fi kowace sanyi da zai iya samu ita ce wannan mai digiri 40 ɗin.

Inda abin ya samo asali

Wannan kaya ɗan Amurka ne, daga wajen masu tseren motoci da babura da samarin da ke gyara motocinsu domin gudu da ƙara. Kamfanin da ya fi suna a kai, K&N, na jihar Kalifoniya, ya fara yin filtar auduga mai shafin mai a shekara ta 1969, kuma sunansa ya fito ne daga farkon sunayen mutum biyu da suka kafa shi, Ken Johnson da Norm McDonald. Ga mai tsere, doki 3 ko 5 na iya raba na ɗaya da na biyu. Yana kuma buɗe motarsa ya duba bayan kowane tsere. Ƙarin ƙarfin ma ba ya fitowa sai an take totur ƙasa inji yana juyi da iyakar gudunsa. Motar da ta ɗauko buhu 30 na gero tana lallaɓawa a hanyar jar ƙasa ba ta kai wa wannan juyi, saboda haka mai ita ba zai ga komai ba.

Abin da direba zai ji da gaske shi ne ƙara. Akwatin asali an yi shi ne har da shanye gurnanin iska. Da an cire shi sai inji ya riƙa ruri, direba ya ji a ransa mota ta zama zaki, ya ƙara taka totur domin ya ji daɗin rurin. Mai mota kuma shi ke biyan kuɗin man.

Kayan iri biyu ne. Akwai gajere, wanda filtarsa ke zama a fili cikin ɗakin inji, kusa da lagireto da bakin salansa. Wannan shi ya fi araha, shi ne kuma ya fi yawa. Iskar da ke wurin ta fi ta waje zafi sosai, musamman idan mota na tsaye cikin cunkoso ko ana lodi inji na aiki. Idan waje na digiri 40, ɗakin inji kuma ya kai 70, to iskar da gajeren bututu ke sha ta rasa kusan kashi 9 cikin 100 na nauyinta. An sayi bututun sanyi, an samu na zafi, ƙarfi kuma ya ragu. Na biyu shi ne dogo, wanda ke sauka ƙasa har bayan ƙarfen gaban mota, kusa da taya. Shi kam yana shan iskar waje, amma a wurin ne ƙura da ruwa suka fi yawa.

Maganar shan mai

A motocin zamani, waɗanda ke da kwamfuta da allurar fesa mai, kwamfutar ce ke auna iskar da ta shigo ta ba da mai daidai da ita. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru. A tafiya ta yau da kullum kuma, ƙofar totur ce ke tsare iskar, ba filta ba. Saboda haka faɗaɗa bututu ba ya rage kuɗin da ake kashewa a gidan mai. A shekara ta 2009 wata cibiyar bincike ta gwamnatin Amurka mai suna Oak Ridge ta gwada motoci da filta mai tsabta da wadda ta toshe. A motocin zamani shan mai bai canza ba wani abin kirki, saurin ɗaukar gudu ne ya ragu. A tsohuwar mota mai kafireto ce toshewar filta ta ƙara shan mai. Darasin da ke ciki ga masu tsofaffin bashe da taksi shi ne su canza filtar da ta toshe a kan lokaci. Binciken bai ce a jefar da akwatin ba.

Ƙura, babbar abokiyar gaba

A nan ne maganar ta fi shafar ƙasarmu. A arewacin Cadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, busasshen gindin tsohon tafki, wanda masana ke lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Iskar hunturu da ke kaɗowa daga gabas maso arewa ita ke kwaso wannan ƙura ta zubo mana a Difa da Damagaram da Maraɗi, har rana ta dushe. Ga kuma hanyoyin jar ƙasa na zuwa kasuwannin ƙauye, inda mota ke bin bayan mota cikin turnuƙu.

Mafi yawan ƙwayar rairayi wani dutse ne da ya fi ƙarfen silinda tauri. Idan ta wuce filta ta shiga inji, sai ta haɗu da baƙin mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin zobban fistan da bangon silinda a hankali. Ba a ranar za a gani ba, ba kuma a watan ba. Sannu a hankali mota za ta fara shan baƙin mai, ta riƙa fitar da hayaƙi mai shuɗi, ta kasa hawan tudun da take hawa da kaya a da, ta yi wuyar tashi da safe. A injin gazuwal mai turbo kuwa, ƙurar tana fara cinye fukafukan turbo ɗin tun kafin ta kai silinda.

Wannan matsala ita ce ma ta haifar da sana'ar filta. A shekara ta 1915 wani dillalin taraktoci a Amurka mai suna Frank Donaldson ya ga taraktan wani manomi a jihar Yuta yana ta mutuwa saboda ƙurar gona. Sai ya haɗa waya da ƙyalle ya yi wa bakin iskar matata, taraktan ya ci gaba da aiki. Kamfanin da ya kafa yana nan yana yi wa manyan motoci da injinan haƙar ma'adinai filta.

Filtar takarda da kamfani ke sawa ƙofofinta ƙanana ne ƙwarai. Ta audugar kuma ƙofofinta sun fi faɗi, shi ya sa iska ta fi wucewa cikin sauƙi, kuma man da aka shafa mata shi ne ke kama ƙura. Kowace mai tankaɗe ta san cewa rariya mai manyan ido ta fi sauri, amma tsaki na wucewa. Idan man ya bushe, ko an wanke filtar ba a sake shafa shi ba, ko an shafa wani mai da ba nata ba, to tsaron ya ragu sosai. Man nata na musamman ne, da sabulun wankinta, kuma kafin a saya sai a tambayi mai sayarwa ko yana da su. Jabun da ake kwaikwaya da soso ko ragar waya kuwa, tsakuwa da ƙwari kawai suke tarewa. Araha ba ta ado.

Ruwa ma ba a bar shi a baya ba

Daminar 2024 ta nuna mana abin da ruwa ke iya yi, lokacin da ambaliya ta yi ɓarna a Maraɗi da Damagaram, ta kuma yanke hanyoyin shiga Yamai a watan Agusta. Ko a damina mai sauƙi, direbobinmu na ratsa ƙoramu da kududdufai a cikin gari. Dogon bututun da filtarsa ke ƙasa kusa da taya yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba. Fistan na iya matse iska, amma ba ya iya matse ruwa. Idan ko da cikin ƙaramin kofin shayi ya shiga silinda inji na juyi, sai sandar fistan, wadda kanikawa ke ce wa biyal, ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci har ta fasa jikin inji. Wannan ba ya jiran wata, nan take yake faruwa. Kowace irin mota ce, idan ta mutu a tsakiyar ruwa kada a sake murza makulli. A tura ta waje, a kira bakanike ya cire buji ya fitar da ruwan tukuna.

Akwai kuma na'urar awon iska, wadda a gareji ake kira debimetir. A cikinta akwai wata waya siririya kamar gashi da ake ɗumamawa da lantarki, kuma da ita kwamfuta ke gane yawan iskar da ta wuce. Idan an cika wa filta mai, feshinsa na iya manne wa wayar ya kama ƙura. Idan kuma faɗin sabon bututu ya saɓa wa na asali, awon zai fito ba daidai ba. Alamominsa su ne fitilar inji ta kama a gaban direba, mota ta riƙa shaƙewa ko mutuwa a tsaye, shan mai ya ƙaru.

Idan an ce sai an ɗaura

Wanda motarsa ta hawa ce, a cikin gari bisa kwalta, kuma ya ga yana so, to ga yadda aikin kirki yake, domin ya tsaya a kan bakanike ya gani da idonsa. Da farko a sayi wanda aka yi domin irin motar da irin injinta, ba wanda ake cewa yana shiga kowace mota ba. A tabbata yana da garkuwar da ke raba filta da zafin inji, ko kuma akwati rufaffe.

A bar inji ya huce, a cire wayar batir ta ɓangaren baƙi. A zare soket ɗin na'urar awon iska a hankali, a kwance maɗauran bututu da sukudireba, a cire ƙaramin tiyon da ke fitar da tururin baƙin mai daga kan inji, sannan a kwance kusoshin akwatin, galibi da sufana mai lamba 10, a ɗaga shi. Nan take a toshe bakin totur da ƙyalle mai tsabta, kuma kada a yi aikin a fili ranar da ake iska da ƙura. A mayar da na'urar awon a sabon bututu ba tare da taɓa wayarta ba, kibiyar da ke jikinta tana kallon inji. A cire ƙyallen, a jera bututun da robobinsa ba tare da an ɗaure sosai ba, sai an ga komai ya zauna daidai, ba ya gogar bel ko fanka ko batir, ba ya kuma kusa da salansa. Sannan a ɗaure maɗauran duka, a mayar da ƙaramin tiyon nan wurinsa. Barin bakinsa a buɗe kuskure ne da ake yawan yi, kuma ta nan ƙura ke shiga kai tsaye.

A mayar da batir, a tada inji a bar shi yana aiki na ƴan mintoci, a saurara ko akwai shewar iska a mahaɗa. Bayan mako guda a sake duba maɗauran, domin girgizar hanya na kwance su. Bayan wata guda a cire filtar a shafa farin ƙyalle a cikin bututun. Idan ya fito da ƙura, to ƙurar nan tana shiga inji, sai a cire kayan ba tare da jinkiri ba. Shi ya sa ba a sayar da tsohon akwatin ga ƴan gwangwan, a ajiye shi a gida. Ranar sayar da mota ma, mai saye ya fi natsuwa da injin da ba a taɓa ba.

Abin da ya fi dacewa da hanyoyinmu

Duk wanda ya je Agadas ya ga motocin Land Cruiser da Hilux da wani baƙin bututu da ya hau ta gefen gilashi har kusa da rufi. Wannan dogon hanci yana shan iska daga sama, inda ƙura ta fi sauƙi kuma ruwa ba ya kaiwa, sannan ya kai ta cikin akwatin filta na asali. Wasu na da kwano a kansa wanda ke juya iska kamar guguwa, manyan ƙwayoyin rairayi su faɗa gefe kafin su kai ga filta. Direbobin hamada ba don gudu suke sa shi ba, domin inji ya daɗe ne. Mai motar da ke yawan bin kasuwannin ƙauye, idan har zai kashe kuɗi a kan hanyar iska, to nan ya fi cancanta, da sharaɗin a toshe kowace mahaɗa sosai.

Sauran kuwa kulawa ce mai araha. A riƙa buɗe akwatin filta a duk lokacin da za a juye baƙin mai, a lokacin hunturu kuma fiye da haka. A share cikin akwatin da ƙyalle mai ɗan laima, a duba robar bakin filta ta zauna daram, a duba maƙallan murfi, a duba ko bututun roba ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Littattafan kamfanoni da kansu suna cewa a rage tsawon lokacin canza filta a wurare masu ƙura. Al'adar kai filtar takarda wurin mai faci a hura ta da iska mai ƙarfi tana iya huda takardar, ramin kuma ido ba zai gan shi ba sai an haska fitila ta ciki. Buga ta a jikin taya ma na lalata bakinta. Wanke ta da ruwa ko fetur kuwa kashe ta ne. Idan ta toshe a sayi sabuwa mai kyau, kuma Alhaji ko Hajiya su ce a kawo masu tsohuwar su gani, domin a tabbata an canza.

Mu rufe da lissafi irin namu na kasuwa. A ce, a misali, motar Hajiya tana kawo mata jika 15 a rana. Idan inji ya lalace ta kwana 20 a gareji, jika 300 sun tafi tun ba a yi maganar kuɗin kayan gyara da ladan bakanike ba, ga abokan ciniki da suka koma wa wata motar, ga tumatir ko albasar da ta ruɓe tana jiran lodi. A ɗaya gefen sikelin kuma doki 3 ne da ba a jin su sai an take totur ƙasa, da rurin da ke faranta wa direba rai. Hausawa sun ce garin neman gira a kan rasa ido. Duk ranar da direba ko ɗanka ya zo da wannan shawara, a tambaye shi abu uku: daga ina filtar za ta sha iska, ina za a samu manta idan an wanke ta, kuma wa zai biya idan inji ya mutu.

Allah shi kiyaye mana dukiyoyinmu, shi kai matafiya gida lafiya, shi ba mu kasuwa mai albarka. Amin.